Gwanjon eBay ko shagon kasuwa: a ina ya fi aminci ka sayi kayan kwamfuta?

Duk mai son haɗa kwamfuta da kansa, ko mai son ƙara wa tsohuwar laftof ɗinsa ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, saboda ta fara nauyi, akwai ranar da zai buɗe eBay, shafin nan na gwanjo da saye da sayarwa a intanet, ya ga abin da aka ce masa dubu kaza a kasuwa ana tayinsa a kuɗin da bai kai rabi ba, ga shi saura awa uku a rufe gwanjon. Nan take zuciya za ta fara raya maka ai banza ce ta faɗi. Kuma wani lokacin da gaske arahar ce, akwai mutane da yawa da suke samun kaya masu kyau a gwanjon intanet shekara da shekaru ba abin da ya same su. Amma kafin ka danna tayi ka tambayi kanka abu biyu: wane irin kaya ne zan saya, sannan in ya iso hannuna ya ƙi aiki ta wace hanya zan mayar da shi a ba ni kuɗina? Da waɗannan biyun zan auna gwanjo da sauran hanyoyin da muke da su, wato saye kai tsaye a yankakken farashi, oda daga Chaina, shiga kasuwa irin Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, sai kuma sayen hannu da hannu wajen wanda ka gani a Jiji ko Facebook.

Shi eBay tun 1995 yake, Pierre Omidyar ne ya buɗe shi, kuma abin farko da aka sayar a kai 'yar fitilar nan ce mai jan haske da ake nuni da ita, lalatacciya, a kan dala 14.83, wanda ya saya kuma ya san lalatacciya ce. Kaga kenan sayar da mataccen kaya a can halastaccen ciniki ne tun ranar farko, matuƙar dai an rubuta. Kowane kaya akwai inda ake sa halin da yake ciki, sabo ne, kwali kawai aka buɗe, gyararre ne, na hannu ne, sai na ƙarshe da za ka ga an rubuta For parts or not working, ma'ana ba ya aiki, masu gyara ake sayar wa su ciri abin da za su cira. Da yawan kayan da za ka ga farashinsu ya faɗi ƙasa warwas a wannan rukunin suke, mutum yana sauri bai karanta ba ya ci gwanjo yana murna, in kaya ya zo bai tashi ba babu inda zai kai ƙara, don abin da aka ce masa shi aka aiko masa. Haka masu rubuta wai ba su gwada ba, ni dai matacce nake ɗaukar wannan kayan, domin wanda yake riƙe da katin girafik, wato katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta, mai tsada ba zai rasa inda zai soka shi na minti biyar ba, da yana aiki da ya faɗa ya ƙara kuɗi.

Yadda tayin yake tafiya, kai za ka sa iyakar abin da za ka iya biya, shafin ne zai riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk sanda wani ya taya sama da kai har a taɓo iyakar taka. Tayi alkawari ne, in ka ci sai ka biya, in ka ƙi a sa wa akawun ɗinka tabo. Kuma yawanci lokacin rufewa a yanke yake, shi ya sa gogaggu ba sa motsi sai saura 'yan sakanni, toh farashin da ka gani saura awa uku kar ya ruɗe ka, a minti ɗaya na ƙarshe zai iya ninkawa. Ƙarfe tara na dare a New York kuma ƙarfe biyu ne ko uku na dare a nan, ga netwok ɗinmu da ba shi da tabbas. In kana so ka san haƙiƙanin kuɗin abu, a wajen tace bincike akwai inda zai nuna maka waɗanda aka riga aka sayar da kuɗin da suka tafi, can za ka duba, sau da yawa za ka tarar wanda aka ci a gwanjo da wanda aka saya kai tsaye ɗan kaɗan ne tsakaninsu.

Akwai kuma tsohuwar cutar gwanjo da malamanmu suka yi bayaninta tun kafin a san intanet, najashi, mai kaya ya sa wani ya riƙa tayi ba don zai saya ba sai don farashi ya hau, abin da Annabi Sallallahu alaihi wa sallam ya hana. Dokar eBay ma ta hana amma ana yi. Maganinsa ɗaya ne, ka yanke iyakarka tun kana cikin natsuwa, in an wuce ta ka haƙura, irin kayan zai sake fitowa gobe ko jibi. In kuma ka faɗi gwanjo sai ga saƙo ta imel ko WhatsApp wai wanda ya ci ya fasa, ka turo kuɗi kai tsaye a ba ka a rahusa, dan Allah kar ka ko amsa. Duk kuɗin da ya fita ta bayan shafin, ko taransfa ne, ko kirifto, ko katin kyauta, ko PayPal ta ɓangaren Friends and Family, babu wata kariya a kansa, ya tafi kenan.

Yanzu ga babban abin da ya sa ake cewa eBay akwai aminci, kuma gaskiya ne. Suna da lamunin mayar da kuɗi: in kaya bai zo ba, ko ya zo ya saɓa da yadda aka siffanta shi, kana da kwana 30 daga ranar isarwa ka buɗe ƙorafi, mai kaya yana da kwana 3 na aiki ya warware, in bai yi ba ka nemi eBay ya shigo. Ko da ya rubuta ba ya karɓar mayarwa, in dai ya ce yana aiki ya zo ba ya aiki dole ya karɓa, kuɗin aiken mayarwar ma a kansa yake. Ga mazaunin Amurka ko Ingila wannan kariya ce mai ƙarfi sosai, wallahi ta fi abin da yawancin shagunanmu za su ba ka.

Toh amma mu ba a can muke ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka karanta da kyau. Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa Najeriya ko Nijar kai tsaye, don haka abin da mutanenmu ke yi shi ne su ba da adireshin sito na kamfanin kago, wato masu jigilar kaya, a Amurka ko Landan, kaya ya sauka can, a haɗa a turo Legas, daga nan a sako a mota zuwa Kano ko Kaduna ko Maraɗi. Matsalar ita ce a wajen eBay ranar da kayan ya shiga siton nan ranar ya isa hannunka, daga nan kwana 30 suka fara ƙirguwa, kai kuwa ba ka ma gan shi ba, kafin a tara kaya jirgi ya tashi a fito daga kwastam rabin kwanakin ko fiye sun tafi. Abin da ya fi wannan ma, a cikin dokar lamunin an rubuta ƙarara cewa kayan da mai saye ya sa wani kamfani ya sake turawa gaba ba ya cikin kariyar. Kenan in mai kaya ya ga adireshin na 'yan kago ne ya nuna wa eBay, ƙorafinka zai iya faɗuwa ko kai ne mai gaskiya. Ko da ma an ce ka mayar, mai kaya kuɗin aike daga adireshin Amurkan zai biya, daga Kano zuwa can kai za ka ji da shi, kuma aika madabod, wato babban allon da ake soka sauran kayan a kai, ko katin girafik waje ta kamfanin aike kuɗinsa zai iya kamo kuɗin kayan. Ga wanda kuma ya ba wani kuɗi ya biya masa da nasa akawun saboda wahalar katin dala, shi ko bakin magana ba shi da shi, mai akawun ne kaɗai zai iya buɗe ƙorafi. Shi ya sa nake cewa gare mu gwanjo ta hanyar kago cinikin biri ne a sama, in ka sa kuɗi ka sa wanda in ya salwanta ba zai hana ka barci ba.

Kuma ka yi lissafi cikakke. Mu ƙaddara ka ci kaya a dala 90, akwai kuɗin aike a cikin Amurka, akwai harajin saye na jihar da siton yake, sai dai in irin Delaware ne ko Oregon da ba sa karɓa, akwai kuɗin kago da ake aunawa da nauyi, akwai canjin da banki ko mai katin dala zai yanka maka wanda kullum ya ɗara wanda ka ji a labarai, akwai na kwastam, akwai na direba daga Legas. In ka haɗa duka ka ga ribar ba ta wuce kashi goma ko sha biyar cikin ɗari ba a kan farashin kasuwa, ni a ganina ba ta kai a ɗauki haɗarin ba.

A cikin eBay ɗin kansa akwai hanya ta biyu da ta fi gwanjo kwanciyar hankali, Buy It Now, yankakken farashi, musamman wajen manyan 'yan kasuwar da ke kwashe tsofaffin kwamfutocin ofisoshi da bankuna su warware su sayar ɗaya-ɗaya. Irin waɗannan za ka ga sun sayar da dubbai, suna gwada kaya kafin su sa, suna karɓar mayarwa, kuma ba za su ɓata sunansu a kan ram ɗin dala ashirin ba. In za ka duba shaidar da mutane suka bayar a kan mai kaya kar ka tsaya a kan kason nan na ɗari na waɗanda suka yaba masa, shi na wata 12 da suka wuce ne kawai, ka shiga ciki ka ga a matsayin mai sayarwa ya samu ko a matsayin mai saye, kuma me ya saba sayarwa. Akawun ɗin da ya yi shekara goma yana sayar da tsofaffin littattafai da kayan yara yau kwatsam ya zubo katunan girafik ashirin a rabin kuɗi, akwai alamar sace akawun ɗin aka yi. Ka duba hoton ma, na kayan ne a kan teburinsa da lambar jikinsa a fili, ko hoton kamfani ya kwafo.

Sauran shafukan gwanjo kuwa sun fi tsauri. GovDeals da ke gwanjon tsofaffin kayan hukumomin Amurka da ShopGoodwill a yadda kaya yake suke sayarwa, na farkon ma galibi sai ka tura mutum ya ɗauko. Gwanjon Yahoo na Japan ta hannun dillali irin Buyee ake saye, kuma masu kaya da yawa tun a rubuce suke cewa ba ƙorafi ba mayarwa. Waɗannan na 'yan kasuwa ne masu sayen tuli, in biyu cikin goma sun mutu sauran su fitar da kuɗin. Mai neman guda ɗaya don aikinsa ba wajensa ba ne.

AliExpress, inda ake oda daga Chaina, shi ba gwanjo ba ne, kuma yana da abu ɗaya da ya fi eBay gare mu, yana kawowa har ƙasarmu da sunanka, don haka kwanakin ƙorafi daga sanda ya iso ka suke farawa, kuma a ƙananan kaya in ka kawo hujjar hoto da bidiyo akan mayar da kuɗi. Sai dai jabu a can ya fi yawa. Ƙananan abubuwa irin fanka, waya, adafta, kibod ɗin laftof, gidan SSD, man sanyaya furosesa, duk ba laifi. Haɗin nan da ake talla na furosesa Xeon da madabod X99 da ram a kuɗi kaɗan, furosesan na gaske ne an ciro daga tsofaffin sabobi, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, bod ɗin ne aka haɗa da tsofaffin sassa, yana aiki amma ingancinsa sa'a ce, kuma ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Sai kasuwar gida. Kowa ya san laifinta, tsada, garantin baki na sati ɗaya ko kwana uku, kayan da aka gyara a bayan shago a ce maka daga Landan ya sauka, wani lokacin ma a canza batir ko ram a sa ƙarami. Akwai masu tsoron Allah akwai waɗanda ba su da shi, kamar ko'ina. Amma tana da abin da duk waɗancan ba su da shi, za ka sa a jona kayan a gabanka, ka zauna ka gwada kafin kuɗi ya bar aljihunka, in ya ba da matsala gobe ka san ƙofar shagon, ka san ƙungiyar 'yan kasuwar, ƙila ma ka san wanda ya san mai shagon. Ƙarin kuɗin da kake gani a shago wani ɓangarensa kuɗin haɗarin da shi mai shagon ya ɗauka ne a madadinka, shi ya yi odar, shi ya ci asarar waɗanda suka zo a mace. Na Jiji da Facebook yakan fi shago sauƙi, sharaɗinsa kar ka tura ko sisi kafin ka gani, ku haɗu a wajen mutane inda akwai wuta da kwamfutar gwaji, ka tambayi rasit ko kwali don gudun kayan sata, domin bayan kun rabu ba lallai ka sake samun lambarsa ba.

Toh wace hanya ta dace da wane kaya, tunda ba ɗaya suke ba?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ne wanda na fi yarda a saya a gwanjo. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, da wuya ya mutu, ga shi ba nauyi kuɗin kago kaɗan ne. Abin dubawa: in Ryzen ne na soket AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, ka nemi hoton ƙasansa ka tabbatar ba wadda ta lanƙwashe. In ka ga an rubuta ES ko an buga Intel Confidential a jikinsa, samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba, wani bod ɗin ma ba zai karɓe shi ba. Manyan Intel na zubi na 13 da na 14, irin su i7 da i9, ka yi hattara da na hannu, a 2024 Intel da kansa ya amsa akwai matsalar wutar da ke cinye su a hankali har ya ƙara garantin shekara 2, kuma wanda ya riga ya taɓu sabunta manhaja ba ya warkar da shi, a hoto kuwa ba za ka gane ba. Sannan tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ofisoshi suna ta zubar da tsofaffin injina, araha ta yi yawa, amma Windows 11 daga Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 take farawa, in ka ga i7 a kuɗin banza ka duba zubinsa tukuna.

Ram ma haka, haɗarinsa kaɗan ne, kuma yawancin asarar da ake yi a kansa daga sayen wanda bai dace ba ne. Wanda za ka gani mai yawan giga a farashi mai ban mamaki sau da yawa na sabobin nan ne, mai alamar ECC da Registered, kwamfutar gida ba za ta tashi da shi ba. Na laftof gajere ne na tebur dogo, DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, wasu tsofaffin laftof kuma DDR3L suke so mai wuta 1.35 ba DDR3 mai 1.5 ba. Ka karanta lambar jikin wanda ke cikin injinka ka nemi irinsa, in ya zo ka bar manhajar gwajin ram ta MemTest86 ta kwana a kansa.

Katin girafik kuwa nan ne ake kuka. Shi ne ya fi tsada, shi ne 'yan damfara suka fi so, shi ne kuma ya fi shan wahala a hannun mai shi na farko. Shekaru ana ɗaukar tsohon GTS 450 na 2010 a canza masa manhajar ciki da kwali a sayar a matsayin GTX 1050 Ti, ka jona Windows ta nuna maka sunan da suke so ka gani, sai ka buɗe gem ya tsaya cak. Abin ya yi yawa har manhajar GPU-Z ta ƙara gano irinsu a 2018. Alama mai sauƙi, in ka ga kati an ce jerin GTX 10 ne amma yana da shuɗin ramin VGA a baya, ka bar shi, na gaskiyar ba sa zuwa da shi. Akwai RX 580 mai ɗauke da 2048SP a ƙarshen sunansa, ƙarfinsa na RX 570 ne, cikakken 580 ɗin 2304 gare shi. A 2020 da RTX 3080 ya yi wuyar samu an riƙa sa gwanjon hoton katin, takarda zalla, an rubuta a can ƙasa cewa hoto ne, daga baya kuma aka riƙa samun RTX 4090 da aka cire masa ainihin ƙwaƙwalwar da ram ɗinsa aka mayar da fanka aka rufe, a ido lafiya lau. Sannan tun da kirifton Ethereum ya bar tsarin haƙa da katin girafik a Satumbar 2022 katunan masu haƙar kirifto suka cika kasuwa, ba duka ne marasa kyau ba, amma sun yi aiki dare da rana, fankokin sun gaji man sanyayan ya bushe, ka kawo irin wannan cikin zafin Afrilu na Arewa da ƙurar hunturu ba AC, in akwai rauni nan zai fito. Don haka kati ni a gida zan ce ka saya, a jona a gabanka, ka buɗe GPU-Z ka ga sunansa na gaskiya, ka saka manhajar gwajin kati ta FurMark ko gem mai nauyi na aƙalla rabin awa kana kallon zafinsa da ko sikirin zai yi zane-zane. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan ka wuce na gaba. In kuma dole sai eBay, toh ya zama kana da ɗan'uwa a can da za a kai gidansa ya gwada maka a cikin kwana 30 ɗin nan kafin ya ba kago.

Madabod ma gida ya fi. A na Intel da na Ryzen mai soket AM5 ƙafafun a cikin soket ɗin bod suke, sirara ne ƙwarai, ɗaya ta karkace sai ka ga gurbin ram ɗaya ya daina gani, kuma bod zai iya tashi lafiya amma wani rami ko sauti a mace, ba ka ganewa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma abubuwa uku da ba na son ka saya na hannu a ko'ina, balle a gwanjo. Na farko ma'ajiyar bayanai, hadidis ko SSD, domin in ta mutu da aikinka da hotunan iyalinka da furojet ɗin makaranta take tafiya. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ta yi tana aiki, amma ana iya goge wannan lissafin, a farkon 2025 an bankaɗo a Jamus da wasu ƙasashe cewa wasu dillalai suna sayar da manyan hadidis na Seagate da suka yi dubban awanni a matsayin sababbi bayan sun share lissafin. In har an yi wa masu saye a shagunan Turai haka, ina ga gwanjo. Shi hadidis mai faifai ko jijjigar hanya kaɗai ta isa ta kashe shi. SSD da filashi masu arahar hauka kuma akwai waɗanda ke nuna tera biyu alhali cikinsu bai kai ko kusa ba, sai ka cika su ka ga fayilolin farko sun lalace, manhajar H2testw ce ke tona su. Na biyu fawa fak, akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, don in ya tashi mutuwa yakan tafi da bod da kati, ga wutarmu mai hawa da sauka ga janareta. Kuma ka tuna wutar Amurka 120 ce tamu 230, tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya, in yana kan 115 ka jona a nan ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Na uku batirin laftof, yana tsufa ko a ajiye yake, kamfanonin kago ma da yawa ba sa son ɗaukarsa shi kaɗai. Waɗannan ukun sabo, a shagon da zai ba ka rasit.

In kuma laftof ce sukutum ka gani a gwanjo, ka tambaya a rubuce ta cikin saƙon shafin ko akwai makullin BIOS, wato lambar sirri ta cikin injin, ko rajistar kamfani a kanta, in MacBook ce ko an cire akawun ɗin iCloud na mai ita, domin irin wannan makullin ba kowane mai gyara ne zai iya buɗewa ba, na Apple ma sau da yawa sai dai a sayar da sassan. Amsar da ya ba ka a rubuce ita ce hujjarka.

Ɗalibi ko ma'aikacin da kuɗin nan su ne duk abin da ya tara, kuma injin ɗaya zai haɗa, shawarata ya yi zamansa a kasuwar gida ya tafi da wanda ya san harkar da filashi mai ɗauke da manhajojin da na ambata, in yana so ya rage kuɗi ya yi odar furosesa da ram kawai daga babban ɗan kasuwa a Buy It Now. Mai gyara da ke da benci da kayan gwaji, wanda in kati ya zo a mace zai ciri fanka ya yi amfani da ita a wani, shi gwanjo ya karɓe shi, har rukunin matattun ma zai ci riba a ciki. Wanda kuma yake zaune a Amurka ko Turai, ko yake da amintacce a can, kusan duk tsoron da na lissafa na kago ya faɗi a kansa, gwanjo gare shi hanya ce mai kyau in ban da waɗancan ukun.

Ko ta ina kayan ya zo, ranar da ya iso ka kunna bidiyo tun kwalin yana rufe, ka nuna takardar adireshin da ke jiki, ka buɗe ba tare da ka yanke ɗaukar ba har ka nuna lambar da ke jikin kayan ka gwama ta da wadda ke hoton tallan. Ka gwada a ranar, kar ka jira sai sauran kayan sun cika, in ba ka da inda za ka soka shi ka kai wajen mai gyara ka biya shi kuɗin gwaji. In da matsala ka buɗe ƙorafin a cikin shafin nan take, kuma in mai kaya ya ce ka rufe ƙorafin tukuna zai turo maka wani ko zai mayar maka da kuɗi ta gefe, kar ka rufe sai ka ga alat, don in ka rufe da hannunka ba a sake buɗe shi.